Zauren Kwamfuta: "Shekarata 41, 'ya'yana uku, har yanzu ina buga gem"

Wasiƙun wannan watan sun fi ƙarfin shafin, saboda haka na zaɓi biyar. Ta farkon ta cinye fili, domin mai ita ya sosa min inda yake min ƙaiƙayi, kuma na daɗe ina jiran wanda zai yi wannan tambayar. Waɗanda suka yi tambaya a kan firinta da laftof su yi min haƙuri sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekarata 41, ina da mata da 'ya'ya uku. Tun ina sakandare nake son gem na kwamfuta, har yau in na dawo daga aiki raina yana so. Amma yanzu sai na ɓuya a ɗaki nake bugawa, don 'yan majalisarmu sun mayar da ni abin tsokana, uwargida kuma ta ce girma ya kama ni. An ce min kai ma kana yi. Yaya kake haɗa shi da aiki da iyali? Ko lokaci ya yi da zan haƙura?
Daga wani mai karatu a Gyaɗi-Gyaɗi

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Na ba ka shekara huɗu, 'ya'yana huɗu, aikin akanta nake yi a wani kamfani a Sharaɗa daga takwas na safe zuwa biyar na yamma, kuma ko daren Asabar ɗin da ta wuce sai da na buga.

Abin ya shige ni ne a 1994. Ƙanin mahaifina yana aiki a wani ofis a Bompai, ran Asabar yakan tafi da ni in taya shi jera fayil. A lungun ofishin akwai wata kwamfuta da ake lulluɓewa da leda saboda ƙura, ba ta da linzami, baƙin allo ne kawai sai ka rubuta mata umarni. Wata rana ya zura mata ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu, mai cin megabait 1.44, ya danna wasu haruffa, sai ga wani ɗan mutum cikin fararen kaya yana gudu yana tsallake ramuka. Prince of Persia ke nan, wanda ya fito a 1989, kuma minti 60 yake ba ka ka gama shi kaf. Amma ba wasan ne ya fi tsaya min a rai ba. Ranar da mai gyara ya zo ya kwance murfin akwatin, na leƙa na ga korayen alluna da wayoyi da wata 'yar fanka. Na ce masa, wa ya haɗa wannan? Ya ɗaga min sukundirebansa ya ce, "Mutum ne kamar ni da kai."

Shekara goma na yi da wannan magana a zuciyata. A 2004, da albashina na farko-farko, na haɗa tawa: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Pentium 4, ram (inda take ajiye aikin da take kai na ɗan lokaci) megabait 256, ma'ajiya gigabait 40, katin hoto GeForce4 MX 440, da Windows XP, da monita mai ƙeya wadda ɗaukarta sai ka yi nishi. Wasu kayan a Sabon Gari na saya, katin hoton kuwa daga Computer Village ta Ikeja aka ba direban motar dare ya kawo min, naɗe a cikin tsohuwar jarida. Wata takwas ta yi a hannuna. Wani dare da damina aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, na ji wani "ɗas", sai ƙauri ya cika ɗaki. Fawa-fak, mai raba wa sassa wuta, da madabod, babban allon da komai yake hawa kai, suka tafi tare. Tun daga ranar ban ƙara jona kwamfuta a bango kai tsaye ba.

Na kawo wannan ne don ka san ɗan gida ne yake ba ka amsa. Abu biyu ka haɗa a wasiƙarka, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Maganar majalisa kada ta dame ka. A cikin masu tsokanar taka akwai mai zaman minti 90 a gidan kallon ƙwallo sau biyu a mako, akwai mai raba dare a kan dara, akwai mai kiwon tattabaru. Kowa da abin da yake sauke masa gajiya, kuma ban ga laifinsu ba. Yaran da suka taso da waɗannan wasanni a shekarun 1990 su ne magidanta a yau, a nan Kano da ko'ina.

Maganar uwargida ita ce abin dubawa, kuma kalmar da na ja wa layi a wasiƙarka ita ce "ɓuya". Ni ma na yi. Na yi aure a 2009, aka haifa mana babban ɗanmu a 2010. Kwamfutata tana wani ɗan ɗaki kusa da soro, in shiga in turo ƙofa in toshe kunne biyu da abin ji. Wani dare, yaron yana da wata tara, zazzaɓi ya rufe shi, jikinsa ya yi zafi rau har ya fara shiɗewa. Mahaifiyarsa ta ƙwala min kira sau uku daga tsakar gida, ban ji ba. Sai da ta saɓo shi a kafaɗa ta banko ƙofar. Maƙwabci ya kai mu asibiti, Allah ya taimaka aka shawo kan abin. Ba ta yi min faɗa ba. Muna zaune a kan benci wajen ƙarfe biyun dare ta ce, "Kana gidan, amma ba ka nan." Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Kwana biyu da sallamo mu na kwance kwamfutar na fito da ita falo, kuma a falo take har gobe. Na daina toshe kunne biyu. Daga Lahadi zuwa Alhamis ba na kunna ta don wasa. Daren Juma'a da na Asabar ne nawa, bayan Isha'i, bayan an ci tuwo an yi hira an duba littattafan yara, kuma ƙarfe sha ɗaya nake kashewa saboda Asuba. Duk wasan da ba zan iya tsayar da shi ba in an yi sallama ko yaro ya yi kuka, na bar shi, har da na intanet ɗin nan da in ka tashi a tsakiya ka cuci abokan wasanka. Na koma masu dabarar gina gari da tuƙin babbar mota, waɗanda suke jiran mutum.

Sai kuɗi, domin nan ne rigima take tashi a gidaje da yawa. Ko sisi na cefane bai taɓa shiga cikin kwamfuta ba. Ina da wani ambulan da nake jefa abin da na samu a gyaran da nake yi wa mutane, daga nan nake sayen kaya, kuma uwargida ta san inda yake da abin da ke ciki. A 2021, lokacin da katin hoto ya yi wuya a duniya saboda korona da masu haƙar kirifto, kuɗin makarantar yara uku ya same ni a tsaye. Na cire GTX 1060 ɗina da na saya a 2017, na sayar, na biya. Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Kusan shekara biyu akwatin yana zaune da gurbi a cikinsa.

Ga kuma abin da falon ya jawo min. A 2023 da ambulan ya cika, ni da babban ɗan nawa muka haɗa sabuwa, Ryzen 5 5600 da katin RX 6600, a kan tabarma, mun shimfiɗa kwalin madabod. Na miƙa masa furosesa na ce shi zai saka. Ƙasanta cike yake da ƙananan allurai 1,331, in ɗaya ta lanƙwashe an shiga uku. Na nuna masa ɗan alamar zinare mai kusurwa uku da zai daidaita da na gurbin, na ce kada ya danna, ya bar ta ta zauna da kanta. Hannunsa yana rawa, ya yi bismillah, ta faɗa gurbinta ba ko ƙara. Ya mayar da ɗan ƙarfen ya ɗago ya dube ni. Yaron da aka saɓo a kafaɗa wancan daren ke nan.

Ƙanwarsa kuma ta wata hanyar ta shigo. Akwai wasan Age of Empires III, wanda a watan Agustan 2021 aka ƙara masa wani ɓangare mai suna The African Royals, aka sa Hausawa da Habashawa a ciki. Babban birnin Hausawan Kano ne, jagorarsu Sarauniya Amina, akwai 'yan lifidi irin waɗanda muke gani a Hawan Daushe, akwai maharba Fulani, kuma in ka ba sojojin umarni da Hausa suke amsawa. Tana wucewa da faranti a hannu ta tsaya cak ta ce, "Abba, Hausa suke yi!" Ta dire farantin ta zauna. Tambayoyinta a kan Amina da ganuwa su suka kai mu Gidan Makama a Asabar ta gaba.

Don haka ban ce ka haƙura ba. Ka buɗe ƙofar, ka fito da na'urar inda kowa zai gan ka kai ma ka ga kowa. Ka zauna da uwargida ku yanke ranaku da lokaci, ita ta fara faɗar nata, kuma in lokacin ya cika ka kashe ko da kana dab da cin wasa. Ina kyautata zaton ba gem ɗin take ƙi ba, rufaffiyar ƙofar ce.

TAMBAYA: Kawu, ni malamin firamare ne, sabon aure. Ina so in mallaki kwamfuta ta tebur don shirya darasi da kuma gem na ƙwallo da na tuƙi. Kuɗina ba su da yawa. Sabuwa zan haɗa ko tokumbo zan saya?
Daga wani malami a Kurna

AMSA: Allah ya sanya alheri, ɗana. Ba zan rubuta maka farashi ba, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kayan kwamfuta dala suke bi, abin da na rubuta yau kafin mujallar ta iso hannunka ya tashi.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce tokumbon kwamfutar ofis, irin Dell OptiPlex ko HP ProDesk. Ka dage a kan furosesa Core i5 zubi na takwas zuwa sama, misali i5-8500 ta 2018 mai ƙwaƙwalwa shida. Dalili kuwa, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 daga zubi na takwas ta fara karɓa a hukumance. Za a yi maka tayin zubi na huɗu ko na shida da araha, ka wuce. Ka cika mata ram zuwa gigabait 16, ka sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri, sannan ka nemi katin GTX 1650 samfurin da ba ya buƙatar ƙarin wayar wuta, wanda wat 75 ɗin gurbinsa ya ishe shi. In akwatin siriri ne, gajeren kati za ka nema. Aibin wannan hanyar shi ne fawa-fak da madabod na waɗannan kwamfutoci nasu ne na kansu, nan gaba in kana son ƙari za su ɗaure ka.

Ni da za ka bi tawa, haɗawa za ka yi, sannu a hankali. Ka sayi Ryzen 5 5600G, wadda take da nata katin hoton a ciki, da madabod B550 ko B450 (in B450 ce ka sa mai shago ya sabunta mata BIOS, manhajar da take cikin madabod ɗin, a gabanka), da SSD gigabait 500, da ram DDR4 sanda biyu masu gigabait 8 kowanne. Ka lura, sanda biyu na ce, ba ɗaya mai 16 ba. Wannan furosesar daga ram take aron wurin aikin hoto, kuma sanda biyu hanya biyu ce, bambancin a fili za ka gan shi. Da wannan kaɗai za ka yi aikin makarantarka, ka buga eFootball da Euro Truck Simulator 2 in ka rage wa hoton ado. Bayan shekara in ka tara, ka ƙara RX 6600, ba ka zubar da komai ba.

Abu ɗaya ne ban yarda ka yi masa ƙoro ba, shi ne fawa-fak. Shi yake ba kowane sashe wuta, in ya mutu yakan ja wasu su tafi tare, kamar yadda ka karanta a sama. Ka sayi sabo mai wat 550 na kamfanin da aka sani, irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, mai tambarin 80 Plus. Ka ɗaga shi a hannu. Wanda aka rubuta wa wat 700 amma bai fi gwangwanin madara nauyi ba, ajiye musu kayansu.

In lokacin sayen katin hoto na hannu ya yi, ko a Beirut Road ko a Farm Centre, zuwa da kai ya fi aike. Mafi yawan 'yan kasuwar mutanen kirki ne, wani ma shi aka cuta tun daga inda aka auno masa kayan, shi ya sa gwaji ya zama dole. Tun da kuɗin kirifton Ethereum ta daina amfani da katin hoto wajen haƙa a watan Satumban 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, har suka iso mu. Ka tafi da filashi ɗauke da manhajojin gwaji uku, GPU-Z da FurMark da CrystalDiskInfo. Na farko zai faɗa maka ainihin sunan katin, na biyu zai ɗora masa nauyi, ka bar shi minti 15 kana kallo. In ka ga ɗige-ɗige masu launi ko allon ya ɗauke, ka fasa. Na ukun kuma zai nuna maka awa nawa ma'ajiya ta yi tana aiki da lafiyarta. Akwai jabun da ya yi yawa, tsohon GTS 450 na 2010 da ake canza wa suna ya koma GTX 1050 Ti. In ka ga ramin VGA, shuɗin nan mai ƙananan huji, a bayan wanda aka ce 1050 Ti ne, to ka yi shakka, domin na gaskiyar ba ya fitar da irin wannan siginar. Haka wanda aka rubuta wa RX 580 2048SP, ƙarfinsa na RX 570 ne, ka biya kuɗin 570. Kuma a rubuta maka garantin ko da mako ɗaya ne a jikin rasit.

Tunda sabon aure ne, ka faɗa wa amarya nawa za ka kashe kafin ka kashe.

TAMBAYA: Malam, ɗana shekararsa 13. Babansa ya saya masa kwamfuta don karatu, yanzu gem kawai yake yi. Na leƙa na ga wani na harbi da satar mota, kuma kwanan nan na gano ya yi amfani da katin bankina ya sayi 'yan ƙwallo a cikin wasa. Ƙwace ta zan yi gaba ɗaya?
Daga wata uwa a Hotoro

AMSA: Hajiya, damuwarki a kan hanya take, kuma kin yi daidai da kika leƙa. Wasannin nan suna da alamar shekaru a jikinsu, tsarin Turai da ake kira PEGI: 3, 7, 12, 16 da 18. Wanda kika kwatanta ya yi kama da Grand Theft Auto V, shi kuwa 18 aka rubuta masa, wato waɗanda suka yi shi ma ba su yi don ɗan shekara 13 ba. Akwai batsa da ashar a ciki ban da harbin. A goge shi yau, ba sai an yi shawara ba. A gidana ma babu shi.

Maganar katin banki ta fi tayar min da hankali. A wasan ƙwallon da aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, ana sayar da wani rufaffen ƙunshi, ka biya kuɗi ba ka san ɗan wasan da zai fito ba, in bai yi maka ba ka sake biya. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ɗauki irin wannan a matsayin caca. Ni ma a idona hanyar caca ce, kuma na hana shi a gidana. Ki cire katin daga kwamfutar, ki sa banki su canza miki shi, shi kuma ya biya abin da ya ɗauka daga kuɗin tararsa, kaɗan-kaɗan, don ya san ɗaukar abin da ba a ba shi ba yana da hukunci.

Ƙwacewa gaba ɗaya kuwa ban ba ki shawara ba. In kika ƙwace, gidan gem na bayan layi zai koma, inda ba kya ganin abin da yake bugawa ko waɗanda yake zama da su. Ki fito da ita falo, allon yana kallon ƙofa. Babansa ya buɗe masa asusun yara a Windows, ya riƙe na babba da lambar sirri, ya yi amfani da Microsoft Family Safety ya yanke masa lokaci, in ya cika ita da kanta za ta rufe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin illa, kuma galibi abin ya kai wata 12. Ba duk yaron da yake son wasa ne ya kai nan ba. Ki sa ido a kan sallarsa, da Islamiyya, da barcinsa, da sakamakon makaranta, da yadda yake yi in an ce ya tashi. In waɗannan suka ci gaba da lalacewa bayan an sa doka, ku kai shi ga likita. Kuma don Allah ki ce wa Alhaji ya riƙa zama kusa da shi ko rabin awa ne a mako, ya ɗauki hannu ɗaya su buga ƙwallon tare. Sayen na'ura a miƙa wa yaro a juya baya shi ne ya kawo wannan.

TAMBAYA: Malam, kwamfutata tana mutuwa da kanta in ina wasa da rana, musamman da bazara. In na jona ta a sola kuma inbata ta yi ta kuka. Mene ne matsalar?
Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari

AMSA: Alhaji, ciwo biyu ne. Na farko zafi da ƙura. A Kano watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankoki ta zama kamar auduga. Furosesa in ta doshi digiri 90 zuwa 100 sai ta rage gudu, in abin ya ƙi ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ka sa manhajar HWMonitor ka ga lambar zafin da idonka. Sannan ka zare wuta, ka fito da akwatin tsakar gida, ka buɗe gefensa ka hure shi da bulowa. Ka dafe kowace fanka da yatsa lokacin da kake hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima. In ta haura shekara biyu ba a taɓa ba, ka cire fankar furosesa, ka goge tsohon man da ya bushe, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Ni sau biyu nake hure ta a shekara, da ƙarshen hunturu da ƙarshen damina. Ka ɗauke ta daga kan kafet ka ɗora a tebur, bayanta ya bar bango da kamar taƙi ɗaya. In da hunturu za ka buɗe, lokacin da mutum yake taɓa ƙofar mota ya ji tartsatsi, ka fara dafa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa ram ko kati, domin wannan ɗan tartsatsin yana kashe su.

Na biyu lissafi ne. Matsakaiciyar kwamfutar gem da monitarta sukan ja kamar wat 300. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma in irin na ruwa ne rabi ya kamata ka ci don ya yi ƙarko, wato 1,200. In ka cire abin da inbata take ci, awa uku da ɗoriya ke nan, kuma in firji da fankoki suna kan layin bai kai haka ba. Kukan da take yi ko dai nauyi ya yi mata yawa, ko batir ya yi ƙasa. Ka kuma duba ko inbatar mai tsaftatacciyar wuta ce, wadda masu sayarwa suke kira fiyo-sain-web, domin fawa-fak na zamani ba ya shiri da ɗaya nau'in. Wata dabara da ba ta cin ko kwabo: ka shiga saitin wasan ka ƙayyade hoton a 60 cikin daƙiƙa. Katin zai daina wahalar banza, zafi ya ragu, wuta ma ta ragu.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibar aji biyu ce a babbar sakandare. Ina so in koyi haɗa kwamfuta amma yayyena sun ce aikin maza ne. Zan iya?
Daga wata ɗaliba a Ɗorayi

AMSA: Za ki iya, 'yata. Aikin nan ba ya son ƙarfi, natsuwa yake so da ido, kuma a gidana 'yata ce take shirya wayoyin cikin akwati, don ta fi mu haƙurin bi da su ɗaya bayan ɗaya. Ki nemi izinin mahaifinki, ki nuna masa wannan shafin, ya sa ɗaya daga cikin yayyen naki ya raka ki wurin mai gyara ku karɓo matacciyar kwamfuta, irin wadda aka fid da rai da ita. Ba ta da tsada, wani ma kyauta zai ba ku. Ki sayi sukundireba mai kan kuros, ki samo kwalin ƙwai don zuba sukurori, kowane sashe da gurbinsa. Kafin ki cire komai ki ɗauki hotonsa da waya. Ki kwance ta kaf, ki rubuta sunan kowane abu a littafi, ki mayar, ki sake, har sau uku. Fawa-fak kaɗai ne ba za ki buɗe cikinsa ba ko da wasa, domin yana riƙe wuta ko bayan an zare shi daga bango. Ranar da kika mayar da komai ba sukuru ko ɗaya da ya rage a kwalin, ki rubuto min, sai mu shiga yadda ake gano abin da ya kashe ta.